U-505: Jirgin yaƙin ƙarƙashin teku na Jamus da ya fita farauta aka kamo shi da rai

Duk wanda ya bi tarihin aikin U-505 rana bayan rana, wani abu zai tsaya masa a rai. An miƙa jirgin ga rundunar ruwan Jamus ranar 26 ga Agusta 1941, sojojin ruwan Amurka suka kama shi ranar 4 ga Yuni 1944. A tsakanin nan ya fita sintiri sau 12, ya nutsar da jirage takwas, jimillarsu tan 45,005 a ma'aunin girman jiragen kasuwa. Sai dai duka takwas ɗin ya nutsar da su ne tsakanin 5 ga Maris da 7 ga Nuwamba 1942, wata takwas ke nan. Daga wannan rana zuwa ranar kamu, kusan wata 19, ko kwalekwale bai sake taɓawa ba. A tashar Lorient ta Faransa, inda yake da mazauni, an yi masa lakabi da jirgi marar sa'a. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, amma ba ta isa bayani ba. Abin da ya sami U-505 shi ne ya sami rundunar gaba ɗayanta, kuma ba za a gane shi ba sai an fara sanin yadda ƙarfen kansa yake aiki.

Sunan nan, jirgin ƙarƙashin teku, yana ruɗar mutane. Jiragen Jamus na lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a saman ruwa suke yawancin rayuwarsu, nutso na ɓuya ne na ɗan lokaci. U-505 samfurin IXC ne, kamfanin Deutsche Werft ya ƙera shi a Hamburg. Tsawonsa mita 76.76, faɗinsa mita 6.76, nauyinsa tan 1,120 a sama, tan 1,232 idan ya nutse. Bambancin ruwan teku ne da yake sha don ya yi ƙasa. Yana da injinan dizal biyu na kamfanin MAN, kowanne mai silinda tara, a haɗe suna ba da ƙarfin doki 4,400. Da su yake gudun kilomita 34 a awa, kuma idan ya sassauta zuwa 18, mansa zai kai shi kusan kilomita 25,000. Dizal kuwa ba ya aiki sai da iska. Da an rufe murfin hasumiya, wato tudun tsakiyar jirgin inda masu gadi ke tsayawa, an nutse, sai a kashe shi a koma kan motocin lantarki biyu masu ƙarfin doki 1,000 a haɗe, waɗanda ke jan wuta daga manyan batura da ke shimfiɗe ƙarƙashin daɓen jirgin. A nan lissafi yake rushewa. Iyakar gudunsa a ƙarƙashin ruwa kilomita 13.5 ne a awa, kuma wannan gudu yana tsotse batir nan da nan. In aka lallaɓa a kilomita 7 a awa, za a ci kimanin kilomita 117 kafin wuta ta ƙare. Daga nan tilas a fito, a tayar da dizal, a yi awoyi ana cajin batir, a kuma sabunta iskar da mutum hamsin da 'yan kai suka gama shaƙewa. Ta wannan tilas ɗin abokan gaba suka samu ƙofa.

Shi kansa nutson aiki ne na daƙiƙoƙi da hannaye masu yawa. Jirgin ɓawo biyu gare shi: a ciki akwai doguwar ganga ta ƙarfe mai kauri inda mutane da injina suke, a waje akwai siririn rufi, tsakaninsu tankunan mai da na nutso. Tankin nutso ta ƙasa yake shan ruwa, iskar da ke cikinsa ce take tare ruwan, kamar kofin da aka kifa a bokiti. Idan mai gadi ya hango jirgin sama ya yi ihu, duk waɗanda ke saman hasumiya sai su zubo ta tsani, na ƙarshe ya ja murfi ya ɗaure. A ɗakin inji a kashe dizal, a rufe bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi, a zare kulocin da ya haɗa dizal da sandar farfela. A ɗakin sarrafawa a buɗe mafitar iska ta saman tankuna, iska ta fice, ruwa ya maye gurbinta, masu riƙe da fikafikan gaba da na baya su karkatar da hancin jirgi ƙasa. Wanda ba shi da aiki a lokacin ya ruga gaba don nauyinsa ya taimaka. Samfurin IX yana buƙatar kimanin daƙiƙa 35 kafin ruwa ya rufe shi, ya fi ƙaramin ɗan'uwansa samfurin VII jinkiri. Jirgin sama mai gudun kilomita 300 a awa yana cinye kusan kilomita uku cikin daƙiƙa 35. Ke nan mai gadin da ya makara da ƙiftawar ido biyu ya riga ya sayar da ran kowa.

Bayan an nutse sai aikin babban injiniya ya fara. Dole nauyin jirgi ya zo daidai da na ruwan da ya ture, gaba da baya kuma su daidaita. Kullum lissafin yana canjawa, domin an ƙone mai, an ci abinci, gishirin teku da ɗuminsa sun bambanta daga wuri zuwa wuri. Tofido, wato dogon bam mai farfela da ke tuƙa kansa cikin ruwa, ya haura mita bakwai, nauyinsa kusan tan ɗaya da rabi. Da an harba shi sai a shigar da ruwa daidai nauyinsa, in ba haka ba hancin jirgi ya ɓullo sama a gaban abokan gaba. U-505 yana da bututun harbi shida, huɗu a gaba biyu a baya, yana iya ɗaukar tofido 22, sannan da igwa mai bakin santimita 10.5 a kan rufinsa. Matsin ruwa kuma yana ƙaruwa da kimanin kilo ɗaya kan kowace santimita murabba'i a duk mita goma na zurfi. A mita 100, kowace mita murabba'i ta jikin jirgin tana ɗauke da nauyin kusan tan 100. A riƙe wannan adadi, domin shi zai bayyana dalilin da ya sa walda ɗaya marar kyau take iya mayar da jirgi gida.

Kwamandansa na farko Axel-Olaf Loewe ne. Ya kawo jirgin daga Kiel zuwa Lorient a farkon 1942, ranar 11 ga Fabrairu kuma ya kama hanyar Afirka ta Yamma. Dalilin zuwa can a fili yake. Freetown ta Saliyo matattara ce da jiragen kasuwa ke haɗuwa kafin su ɗunguma zuwa Birtaniya da gyaɗa da manja da kuza da sauran kayan yankin. Takoradi ta Gana kuwa can ake sauke jiragen saman yaƙi a cikin akwatuna, a harhaɗa su, su tashi ta Legas da Kano da Maiduguri zuwa Khartum da Alƙahira. Tafiyar ta ci mako uku kafin a fara harbi. Ranar 5 ga Maris ya nutsar da Benmohr na Birtaniya, washegari tankar Sydhav ta Norway, ranar 3 ga Afrilu West Irmo na Amurka, ranar 4 ga Afrilu Alphacca na Holan. Tan 25,041 a fita ɗaya ta kwana 86. West Irmo ya cancanci a ɗan tsaya a kansa: yana kan hanyar Takoradi da Legas ne, ɗauke da leburorin tashar ruwa 'yan Afirka, kuma mutum goman da suka mutu a harin duk daga cikinsu ne. A lissafin yaƙi an rubuta shi tan 5,775.

Fita ta gaba ta kai shi tekun Karibiyan. Ya nutsar da Sea Thrush da Thomas McKean, dukansu na Amurka, ranakun 28 da 29 ga Yuni, sannan ranar 22 ga Yuli ya ragargaza wani ƙaramin jirgin Kolombiya da iska ke turawa, mai tan 153, da harsashin igwa. Wannan hari ba shi da wata riba ta soja, kuma irinsa na cikin abubuwan da suka harzuƙa Kolombiya har ta shelanta gaba da Jamus a Nuwamba 1943. Ciwon afendis ya kama Loewe, jirgin ya koma Lorient ranar 25 ga Agusta, aka ba Peter Zschech ragama, matashin da bai cika shekara 25 ba.

Me ya sa aka ci kasuwa haka a 1942? Yawancin jiragen da ya samu su kaɗai suke tafiya ko da rakiya marar ƙarfi, jiragen saman sintiri kuma ba su da yawa a waɗannan yankuna. Akwai kuma dalili na uku da mutanen jirgin ba su sani ba. Saƙonnin rediyonsu da na'urar Enigma ake ɓoye su, kuma tun 1941 masana a Bletchley Park ta Ingila suke karanta su. Ranar 1 ga Fabrairu 1942 jiragen Atlantika suka koma sabuwar Enigma mai faifai huɗu a maimakon uku, sai idon Ingila ya rufe. Bai sake buɗewa ba sai tsakiyar Disamba 1942, da taimakon takardun da aka ciro daga U-559 a ƙarshen Oktoba kafin ya nutse. A ɗora waɗannan ranaku kan na U-505: duk nasarorinsa takwas sun faɗo cikin watannin makantar nan. Ba za a ce Enigma kaɗai ta jawo haka ba, amma daidaituwar ta fi ƙarfin a kau da kai.

Ranar 7 ga Nuwamba 1942 Zschech ya nutsar da Ocean Justice kusa da Trinidad. Kwana uku bayan haka, 10 ga Nuwamba, wani jirgin sama samfurin Hudson na runduna ta 53 ta sojan saman Birtaniya, wanda Ronald Sillcock ke tuƙawa, ya faɗo musu daga cikin gajimare ba su ankara ba. Ya sauko ƙasa ƙwarai ya saki bama-bamansa, ɗaya ya fashe a kan rufin jirgin daidai bayan hasumiya. Ƙarfin fashewar ya tarwatsa shi kansa Hudson ɗin, mutum biyar da ke ciki duk suka mutu. A U-505 bindigar kakkaɓo jirgin sama ta baya ta tsinke ta faɗa teku, rufin baya ya koma tarkace, gangar ciki ta tsage, hafsan da ke gadi ya ji mummunan rauni. Zschech ya ba da umarnin a fice daga jirgi. Shugaban makanikai Otto Fricke da mutanensa suka dage cewa ana iya ceto shi, suka toshe ɓaraka, suka shafe kusan mako biyu suna gyara a tsakiyar teku har ya iya ɗan nutso marar zurfi. An miƙa hafsan da ya ji rauni ga jirgin kai kaya U-462, U-505 kuma ya rarrafa ya isa Lorient ranar 12 ga Disamba. Ana lissafa shi cikin jiragen da suka fi kowanne lalacewa amma suka koma gida da ƙafarsu. Gyaransa ya ci wata shida.

Cikin wata shidan nan duniya ta juya. Jiragen saman Birtaniya sun fara ɗaukar sabuwar na'urar rada mai zangon santimita 10. Jamusawa suna da na'urar gargaɗi mai suna Metox, amma tsohuwar rada mai zangon mita ɗaya da rabi kaɗai take ji, don haka jirgi zai iso da dare, ya kunna babbar fitilarsa, ya saki bam, na'urar ba ta ce uffan ba. Sun ruɗe har suka zargi Metox ɗin da cewa ita ke tona musu asiri, suka hana amfani da ita a Agusta 1943. Na biyu, Admiral Karl Dönitz yana tafiyar da jiragensa daga hedikwata ta rediyo, yana son rahoto a kai a kai. Kowane rahoto kuwa tashoshin sauraro na tudu da na kan jiragen rakiya suna auna inda ya fito, layi biyu ko uku su gicciya a kan taswira. Na uku, ƙananan jiragen dakon jiragen sama sun shigo, sun rufe sararin tsakiyar Atlantika inda a da babu mai iya kaiwa. A Mayu 1943 kaɗai Jamus ta rasa jiragen ƙarƙashin teku sama da 40, ranar 24 ga watan Dönitz ya janye daga arewacin Atlantika. Reshe ya juye da mujiya. An cire wa U-505 igwarsa, aka faɗaɗa bayan hasumiya aka jera bindigogin kakkaɓo jiragen sama, kuma wannan sauyin kaɗai ya isa shaida kan wanda yake farautar wani yanzu.

A farkon Yuli 1943 ya sake fita, jiragen yaƙin Birtaniya suka bi shi da bama-bamai sama da awa 30, ya dawo cikin mako biyu yana zubar da mai. Fita huɗu da suka biyo baya kowace 'yan kwanaki ta yi. Lorient gari ne da Jamus ta mamaye, ma'aikatan tashar da yawa Faransawa ne, wasunsu kuma suna tare da 'yan gwagwarmaya. Ruwan bama-baman da aka yi a farkon 1943 ya rusa garin amma bai fasa rumbunan kankare na Keroman, inda ake ajiye jiragen ƙarƙashin teku, ba. Abin da bam ya kasa, hannun mai gyara ya yi. An gano ɗinkin walda da aka yi wa ha'inci, an gano ƙaramin rami da aka huda a tankin mai. Mai zagon ƙasa da ya san aikinsa ba ya lalata abin da za a gani a tasha. Yana barin aibin da ba zai bayyana ba sai a nutson gwaji, lokacin da tan 100 ya hau kan kowace mita: sai a ji ƙara, ruwa ya fara tsartuwa, a juya. Ramin tankin mai ya fi haɗari, domin yana barin dogon layin mai a saman ruwa wanda matuƙin jirgin sama zai bi kamar sawun tayar mota a rairayi. Ruwan teku kuma in ya kai ga batura, iskar kulorin mai guba ce take tashi a cikin gangar da ba ta da taga.

Wannan fita da dawowa ta cinye Zschech. Abokan karatunsa suna ta mutuwa a teku, shi kuma ya zama abin zunɗe a tasha. Ranar 24 ga Oktoba 1943, a yankin tsibiran Azores, ana tsakiyar yi musu ruwan bama-bamai, ya harbe kansa a ɗakin sarrafawa a gaban mutanensa. Mataimakinsa Paul Meyer ya karɓi umarni nan take, ya zame daga harin, ya mayar da jirgin Lorient ranar 7 ga Nuwamba. Sau da yawa ana ba da labarin nan a matsayin raunin mutum ɗaya. Ya fi dacewa a kalle shi tare da adadin da ke bayansa: cikin kowane mutum huɗu da suka fita yaƙi a irin waɗannan jirage, kusan uku ba su dawo ba, kuma zuwa ƙarshen 1943 kwamandojin sun san haka sarai.

Sai aka kawo Harald Lange, hafsan ko-ta-kwana da ya fito daga jiragen kasuwa, mai kimanin shekara 40, dattijo a cikin samari. Fitarsa ta farko ta zama ta ceto: ranar 28 ga Disamba 1943 jiragen Birtaniya suka nutsar da jirgin yaƙin Jamus T-25 a mashigin Biscay, U-505 ya tsamo sama da mutum 30 ya kai su Brest. Ranar 16 ga Maris 1944 ya tashi daga Brest zuwa gaɓar Saliyo da Laberiya, ruwan da Loewe ya ci karensa babu babbaka shekara biyu baya. Wannan karon babu abin da ya samu. Ba shi da bututun shaƙar iska irin wanda aka fara saka wa wasu jirage, don haka kowane dare sai ya fito caji, kowane fitowa kuma caca ce da rai. Da mai ya ja baya ya juya gida, kuma ofishin bin sawu na rundunar ruwan Amurka a Washington yana biye da shi a taswira.

Wanda aka tura masa shi ne Kyaftin Daniel Gallery, da jirgin dakon jiragen sama Guadalcanal da jiragen rakiya biyar: Pillsbury, Pope, Flaherty, Chatelain da Jenks. Ranar 9 ga Afrilu wannan ayari ya tilasta wa U-515 fitowa, suka yi ta harbinsa har ya nutse, Gallery kuma ya lura cewa jirgin ya daɗe a sama bayan mutanensa sun fara tsalle cikin ruwa. Tun daga nan ya sa kowane jirgi ya ware mutanen da za su shiga jirgin abokan gaba, a riƙa atisayen sauke kwalekwale, ya kuma tsara cewa in wani ya sake fitowa, da ƙananan bindigogi za a kori mutanensa, kada a fasa jikinsa. Sun bar Norfolk ta Amurka ranar 15 ga Mayu. Ranar 4 ga Yuni, mai ya yi musu ƙaranci har sun nufi Kasabalanka, sai da ƙarfe 11:09 na safe na'urar amsa-kuwwa ta Chatelain, mai gano abin da ke ƙarƙashin ruwa da sauti, ta ji ƙarfe a nisan kimanin mita 730. Wurin yana kusan kilomita 280 daga gaɓar Yammacin Sahara.

Chatelain ya fara da makamin da ke watsa ƙananan bama-bamai 24 zuwa gaba, waɗanda ba sa fashewa sai sun taɓa ƙarfe. Bai samu ba. Matsalar mai farauta ita ce na'urar amsa-kuwwa tana rasa abin da take bi idan an zo dab da shi, a wannan ɗan lokacin ne jirgin ƙarƙashin teku yake kaucewa. Ranar nan jiragen sama biyu samfurin Wildcat suna sama, suna ganin inuwarsa ta cikin ruwa, sai suka riƙa harbin ruwan daidai inda yake don nuna wa Chatelain. Ya zagayo ya zuba gangunan bam da aka saita su fashe a zurfi kaɗan. Wuta ta ɗauke a cikin U-505, allon ƙarfen baya da ke juya akalarsa ya maƙale a gefen dama, mutanen ɗakin tofido na baya suka rugo suna cewa ruwa ya ci ɗakin. Lange ya ba da umarnin a hura iska a tankuna a fito. Minti shida da rabi ke nan daga harin farko.

Jamusawa suna da ƙa'idar hallaka jirgi, kuma ba ta da wuya: a ɗana bama-baman da aka dasa a sassan jirgin, 14 ne a U-505, a buɗe mafitar iskar tankuna da bawul ɗin teku, a bar ruwa ya gama da littattafan sirri, waɗanda da yawansu an buga su da tawadar da ke narkewa. Abin da ya karya ƙa'idar shi ne tsarin fita. Kwamanda ne ke fara hawa hasumiya. Lange na leƙowa harsashi ya same shi, har daga baya ya rasa ƙafa. Meyer ma ya ji rauni. Cikin minti ɗaya babu mai ba da umarni, kowa kuma ya ɗauka jirgin nutsewa yake. Babu wanda ya ɗana bam. Wani matashin makanike, Hans Goebeler, ya tsaya ya cire murfin matatar ruwan teku a ɗakin sarrafawa, ruwa ya fara kwarara ta baki mai faɗin ƙaramin faranti, amma ya bar murfin a nan kusa. Motocin lantarki kuma an bar su a kunne, jirgin yana ta zagaye babu kowa a ciki, har Chatelain ya zaci hari zai kawo ya harba masa tofido, ya kuskure. Bajamushe ɗaya ya mutu, an tsamo 58.

Laftana Albert David da mutum takwas daga Pillsbury suka bi shi a kwalekwale mai inji, suka tsallaka kan rufinsa, suka sauka ta hasumiya ba tare da sanin ko akwai masu jiransu da bindiga ko agogon bam yana tafiya ba. Wasu suka nufi ɗakin rediyo suka tattara takardu da na'urori. Zenon Lukosius ya ga ruwa na ɓulɓulowa, ya lalubo murfin nan, ya mayar ya ɗaure. Da Goebeler ya wurga shi can ƙarƙashin daɓe inda hannu ba ya kai, da labarin ya ƙare a nan.

Riƙe jirgin a sama ya fi kama shi wuya. Bayansa ya riga ya nutse, ruwa yana dukan hasumiya. Pillsbury ya matso don ɗaura igiya, fiffiken gaba na U-505 ya farke masa gefe, ruwa ya cika masa ɗakuna, dole ya janye. Guadalcanal da kansa ya ɗaura. Babban injiniyansa, Earl Trosino, ya shafe awoyi yana rarrafe ƙarƙashin daɓe cikin ruwa da baƙin mai, yana bin bututu ɗaya bayan ɗaya yana rufe bawul. Gallery ya shiga ya buɗe ƙofar ɗakin baya da ake tsoron an ɗana mata tarko, sai ga ɗakin da aka ce ruwa ya ci a bushe. Gangar ciki ba ta fashe ba. Da abin tuƙin hannu da ke ɗakin aka miƙar da akala. Sauran matsala ita ce batir ya mutu, famfunan kwashe ruwa kuma sai da wuta. Dabarar Trosino ta cancanci yabo: ya zare kulocin dizal, ya bar sandar farfela haɗe da motocin lantarki, ya ce a ƙara gudun ja. Ruwa ya riƙa juya farfela, farfela ta juya motoci, motoci suka zama janareta suka caja batura. Da wutar aka tayar da famfuna da injin matse iska, aka hura tankuna, jirgin ya ɗago. Bayan kwana uku jirgin ja Abnaki ya karɓi igiya, suka isa Bermuda ranar 19 ga Yuni bayan tafiyar sama da kilomita 3,000.

An samu na'urorin Enigma biyu, takardu da littattafan sirri kimanin kilo 400, da tofido masu bin ƙarar farfela waɗanda injiniyoyi suka kwance suka nazarta don inganta kariya. Duk da haka shugaban rundunar ruwan Amurka, Admiral Ernest King, ya fusata har ya yi tunanin gurfanar da Gallery a kotun soja, kuma fushinsa yana da hujja. An riga ana karanta saƙonnin Jamus. Kamun ya zo kwana biyu kafin saukar sojojin ƙawance a Normandy ranar 6 ga Yuni. Da labari ya kai Berlin cewa an kama jirgi da na'urorinsa, za su iya sauya tsarin sirrinsu gaba ɗaya a makon da aka fi buƙatar karanta shi. Shi ya sa aka ƙi kai jirgin tashoshin Afirka da ke kusa, aka sake masa fenti a Bermuda, aka laƙaba masa suna Nemo, aka ɗaure bakin mutanen ayarin kusan 3,000. Sirrin ya riƙu har Jamus ta miƙa wuya a Mayu 1945.

Waɗanda suka biya kuɗin sirrin su ne fursunonin. An kai su sansanin Ruston a jihar Louisiana, aka ware su daga sauran fursunoni, aka hana ƙungiyar Red Cross ganinsu, aka hana wasiƙunsu fita, abin da ya saɓa wa yarjejeniyar Geneva ta 1929. Rundunar Jamus ta sanar da iyalansu cewa a ɗauka sun mutu. Iyaye da matan aure sun yi zaman makokin mutanen da ke raye, kuma sai a 1947 na ƙarshensu suka koma gida.

An ba David lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka, amma ya rasu a 1945 kafin a miƙa masa. Bayan yaƙi rundunar ruwa ta yi niyyar mayar da jirgin abin gwajin harbi. Gallery ɗan Shikago ne, mutanen birnin suka tara dala 250,000, aka jawo shi ta kogin St. Lawrence da manyan tafkuna, aka tsallakar da shi titin bakin tafki zuwa gidan tarihin kimiyya da masana'antu, aka ƙaddamar da shi ranar 25 ga Satumba 1954. Kafin nan an riga an kwashe masa kayan ciki da yawa, sai gidan tarihin ya rubuta wa kamfanonin Jamus da suka ƙera su, suka aiko da madadinsu kyauta. Shekara 50 ya yi a waje, ruwan sama da ƙanƙara suna cin ƙarfensa, sai a 2004 aka saukar da shi cikin wani zaure na ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe wa jama'a a 2005. Yana cikin jiragen ƙarƙashin teku huɗu na Jamus na wancan yaƙi da suka rage a hannun gidajen tarihi, kuma shi kaɗai ne samfurin IXC na asali a cikinsu.